Injin da Ba Ya Shan Mai

A shekarar da kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabi, manoman rani da yawa a fadamar Kara suka naɗe tiyonsu suka koma gida. Injin ban-ruwa ba ya tashi sai da mai, man kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ba wanda ya kai Mato sanin haka. Rumfarsa ta gyaran injina tana bakin titi a Gwarzo, shekara ashirin da wani abu ke nan yana cikinta, amma bai taɓa ganin injina sun taru masa kamar na wannan shekara ba. An kawo, ya gyara, ba mai zuwa ɗauka. Wani ma idan ya hange shi a kasuwa sai ya ce, "Malam Mato, bar shi nan wurinka tukuna, ko na kai shi gona kallonsa zan yi."

Mato mutum ne marar yawan magana, ya haura hamsin, hannayensa duk tabon ƙuna da yankan ƙarfe. Asalinsa ɗan Kara ne, kuma yayarsa Altine tana can har yanzu. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da 'yar gonar da ya bari a fadama, fangali kamar sittin, tana sa albasa da ɗan attaruhu a gefe. Da wannan gona ta aurar da 'ya'yanta mata biyu. Ranar da Mato ya je gaishe ta ya tarar tana shirin ba da gonar aro, abin ya tsaya masa a rai har ya dawo Gwarzo.

Wata biyu ya yi yana fama da yadda zai haɗa mata injin da ba ya shan mai. Ya shiga Kano wajen 'yan gwangwan ya samo ƙaramin injin lantarki, ya sayo farantan sola na hannu guda uku, ya cire kan famfon wani tsohon inji da ya mutu, ya zauna yana haɗawa yana kwancewa. Sau biyu abin yana ƙonewa. A karo na uku ya ɗora komai a bayan a-kori-kura ya kai gonar Altine, ya haɗa da 'yar rijiyar bututun da ke tsakiyar gonar, suka zauna jiran rana ta ɗaga. Wajen ƙarfe tara injin ya yi wani ɗan gurnani, tiyo ya motsa, ruwa ya fito. Ba baturi, ba hayaƙi, ba ƙara sai kaɗan.

Altine ta daɗe tana kallon ruwan yana bin fangali, sannan ta ce, "To, yanzu me zan riƙa zuba masa?"

"Ba komai, Yaya. Ki dai riƙa goge farantan da tsumma."

Labarin ya kai kunnen Malama Sa'ada, malamar gona da ke aiki a Kabo. Shekara biyu kafin nan ta haɗa wani zama da ake kira Zauren Manoma da Masu Gyara. Duk Asabar ɗin farkon wata ake haɗuwa, wannan wata a Kabo, wancan a Gwarzo, manoma da masu walda da makanikai da masu sayar da iri, har da matan da ke busar da tumatir. Ƙa'idar zauren ɗaya ce: duk wanda ya gano wata dabara ya kawo ta fili kowa ya gani, wanda zai iya gyara ta ya gyara, ya dawo da ita. Suna da rukuni a waya kuma, inda ake turo hotuna da saƙon murya.

Ta zo rumfar da kanta a kan babur ɗin haya. Bayan sun gaisa, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, ta ce, "Malam Mato, na je na ga abin da ka yi wa Inna Altine. Ina roƙon ka kawo shi zaure."

Maƙwabcinsa mai faci ya ja shi gefe bayan ta tafi, ya ce ya riƙe sirrinsa ya riƙa haɗawa yana sayarwa shi kaɗai. Mato ya yi tunanin abin kwana biyu. Amma ya san hannunsa biyu ne, ko ya daina barci ba zai haɗa wa fadama ɗaya ba, balle ƙananan hukumomi biyu. Ranar Asabar ya kai injin Kabo, ya kwance shi a kan tabarma gaban mutane, ya nuna kowane noti da kowace waya. Aka ɗauka a waya aka tura rukuni.

Abin da ya biyo baya ya wuce duk yadda ya zata. Wani matashi mai walda a Kabo, Sadiƙ, ya ƙera wa farantan ƙafa mai taya, a tura su gona da safe a dawo da su da yamma saboda ɓarayi. Wani a Masanawa ya gano yadda za a hana injin zafi. Masu shago a Gwarzo suka fara sauke farantai da yawa, farashi ya ɗan sauko. Kafin rani na biyu ya ƙare, rumfuna sun kai goma da ke haɗa abin da kowa ke kira injin Mato. Samarin da suka saba tafiya cirani suka zauna. Motocin albasa suka riƙa shigowa har bakin fadama. Wurin da a da ake noman rani a rabinsa ya cika kore har gefen tudu, mutane daga wajen Kabo suka zo suka karɓi gonaki haya. Babba a cikinsu shi ne Alhaji Maikuɗi na Masanawa, wanda ya karɓi ƙasan fadamar gaba ɗaya ya jera injina takwas. Da ya ga ruwa ba ya cin ko sisi, sai ya bar albasa ya zuba shinkafar rani da masara. Wasu suka bi sahunsa.

Mato bai yi arziki ba, amma ya samu abin da bai taɓa samu ba. Idan ya shiga masallaci a Kara sai a matsa masa a sahun gaba. Mutanen da bai sani ba suna tsayar da shi a hanya su yi masa addu'a.

A rani na uku, wajen tsakiyar watan Fabrairu, Altine ta kira shi ta ce injinta yana tari. Da safe yana kawo ruwa, rana na take sai ya riƙa jan iska. Mato ya ɗauki jakar kayan aiki ya hau babur, yana zaton roba ce ta cinye. Ya kwance injin kaf, bai ga komai ba. Sai ya cire bututun zuƙa, ya ɗaura noti a bakin igiya ya zura cikin rijiyar. Igiya ta yi ta tafiya. Da ya jawo ta ya auna inda ta jiƙe, sai ya sake zurawa, don bai yarda da abin da ya gani ba. Shekara uku da suka wuce, a irin wannan lokaci, ƙafa goma sha biyu ake samun ruwa a wannan rijiya. Yanzu ashirin da uku ne.

Ya miƙe ya dubi fadamar. Duk inda ya juya farantai ne ke ƙyalli, ruwa na kwarara a gonaki, wasu ma babu kowa a cikinsu. A gonar da ke gabas, ruwa ya cika fangali ya tsallake yana bin hanya, mai gonar ya tafi kasuwa. A zamanin fetur ba mai barin inji ya yi minti biyar a banza, kowa na tsaye a kansa, da fangali ya sha sai a kashe. Yanzu rana ce ke tayar da shi, ita ce kuma ke kashe shi.

Altine ta ce, "Me ya same shi?"

"Lafiyarsa lau, Yaya. Ruwan ne ya yi ƙasa."

"Ya yi ƙasa ya je ina?"

Ya nuna mata fadamar da hannu. Injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce ƙafa ashirin da 'yan kai, komai ƙarfinsa. Abin da zai iya yi mata a ranar shi ne ya sa a haƙa rami kusa da rijiyar, zurfin tsayin mutum, a saukar da injin ciki don ya matsa kusa da ruwa. Aka yi haka, ruwa ya dawo. Maƙwabcin gonarta, Malam Haidar, dattijo mai tumatir, ya zo ya leƙa ramin ya yaba dabarar. Mato ya amsa masa sama-sama.

Mako guda ya yi yana zagaya fadamar da igiyarsa, rumfa a rufe. Ya auna rijiya talatin da ɗaya. Ya shiga cikin gari ya tarar matan unguwar da ke kusa da fadama sun ƙara wa gugansu igiya sau biyu tun bayan kaka. Daga nan ya wuce Kabo wajen Malama Sa'ada.

Ta saurare shi har ya gama, ta dafe kai. Ta ce, "Na lura wasu na ƙorafi a rukuni, na ɗauka matsalar inji ce. Damina ma ba ta yi kyau ba bana."

"Damina ta taɓa yin abin da ya fi haka, Malama, ruwa bai gudu haka ba. Mu ne."

"To me kake gani?"

Ya riga ya yi tunani. Ya fito da wani ɗan akwati daga jaka, bai fi tafin hannu ba, da agogo a jikinsa. Idan an haɗa shi da inji, sai a saita awa uku ko huɗu, lokaci na cika ya yanke wuta. Kayan haɗinsa duk ana samu a Gwarzo, kuma ba su da tsada. Idan kowa ya sa, aka kuma raba fadamar biyu, gabas yau yamma gobe, yana ganin ruwan zai kai su ƙarshen rani. Sa'ada ta ce a kira zama na musamman, a Kara, a ƙofar gidan dagaci.

An taru sosai ran nan, har wasu na tsaye. Dagaci ya buɗe da addu'a, Sa'ada ta yi bayani, sannan Mato ya miƙe da igiyarsa a hannu, ya ɗaura mata ƙulli biyu, na shekara uku da suka wuce da na bana. Ya miƙa ta tsakanin mutum biyu kowa ya ga tazarar. Ya nuna akwatin, ya kwance shi kamar yadda ya kwance injin a Kabo. Kowa ya zuba ido yana kallo. Ba wanda ya ƙaryata shi.

Wani manomi daga gabashin fadama ya fara magana. Ya ce shi ya yarda, amma idan ya kashe nasa ranar da ba tasa ba, wa zai tabbatar masa na yamma sun kashe nasu ranar tasa? Wani ya ce shi saniyarsa ya sayar ya sayi farantai, ba zai zauna yana kallonsu rana na dukansu a banza ba. Wani ya ce a fara da masu shinkafa, su ne ke shanye ruwan. Idanu suka koma kan Alhaji Maikuɗi.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin dagaci. Malam Mato ya faɗi gaskiya, ni ma rijiyoyina biyu sun fara tari. Amma shinkafata ta ɗauki ciki. Idan na hana ta ruwa kwana ɗaya cikin biyu a yanzu, ba rabi zan rasa ba, duka zan rasa. Mutum goma sha huɗu ke aiki a wurina, rabinsu 'ya'yanku ne. Ku bar ni in cire wannan, baɗi duk abin da aka yanke ina ciki."

"Baɗi," in ji Malam Haidar daga inda yake zaune. "Tumatirina bai san baɗi ba, Alhaji."

Aka ɗan yi dariya, ba ta jin daɗi ba. Dagaci ya ce shi yana goyon bayan a raba kwana, zai kuma sa a yi shela. Amma ya faɗa musu gaskiya, ba shi da wanda zai tsaya a kan gona ɗari biyu yana duba wa ya kunna wa ya kashe, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu gonakin ba mutanensa ba ne, haya suka karɓa. Sa'ada ta ce za ta rubuta wa na sama da ita. Wani ya tambaye ta yaushe za a amsa, ta ce ba ta sani ba. Aka tashi a kan cewa kowa ya ji tsoron Allah ya rage.

Mato ya haɗa akwati ashirin da kuɗin aljihunsa ya ajiye a rumfa, ya tura hoton yadda ake haɗawa a rukuni. Mutum shida suka zo suka karɓa. Bayan kwana goma da ya zagaya, huɗu sun cire. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam Mato na sa. Sai na ga nawa ya mutu ƙarfe ɗaya, na maƙwabcina yana ta zuba har la'asar, washegari kuma tawa rijiyar ce ta ƙara yin ƙasa. Ruwan da na bari shi ya sha."

Mato bai iya ce masa ya yi laifi ba.

Dabarar ramin kuwa ba a jira an kai ta zaure ba. Malam Haidar ya faɗa wa wani, wani ya ɗauki hoto, cikin mako biyu fadamar ta cika da ramuka, kowane inji ya sauka ƙasa. Ruwan ma ya ƙara sauka.

A farkon Maris Sadiƙ ya turo sabon abu a rukuni. Ya samo hanyar haɗa farantan da sumo, injin nan siriri da ake zurawa can cikin rijiya yana turo ruwa daga ƙasa, wanda zurfi ba ya dame shi. Sai dai a haƙa sabuwar rijiya mai faɗi, ƙafa sittin ko saba'in. Ya yi bayani dalla-dalla yadda ƙa'idar zaure ta ce, ya kuma rufe da cewa a wurin Baba Mato ya koyi tushen abin. Saƙonnin yabo suka yi ta shigowa.

Mato ya hau babur ya same shi a shagonsa a Kabo. Sadiƙ ya ajiye walda, ya cire tabarau, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa benci.

Mato ya ce, "Sadiƙ, ka san abin da wannan zai yi? Duk wanda ya sa sumo zai janye ruwan daga ƙarƙashin mutum goma da ba su da halin sawa."

"Na sani, Baba."

"To don me?"

"Alhaji Maikuɗi ya zo nan ya ce in ban yi masa ba zai ɗauko masu yi daga Kano. Kuma akwai su, na bincika. Sai na ga in na yi shiru, masu hali kaɗai za su samu a tsadance. In na fito da shi fili, ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya haɗa kai da ɗan'uwansa su yi ɗaya. Ba haka ka koya mana ba?"

Mato ya dubi Sadiƙ. Yaron bai yi ƙarya ba, bai kuma saci komai ba. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi sallama.

A kan hanyar komawa ya biya ofishin Sa'ada. Ya tarar da ita da takarda a gabanta. Ta ce an amsa mata, an ce za a turo masu bincike bayan damina. A cikin wannan takardar kuma an gayyace ta Kano ta yi bayanin yadda zauren ya bunƙasa noman rani, don ana so a kafa irinsa a wasu wurare.

"Za ki je?"

"Zan je. Zan faɗa musu har da maganar ruwan. Ban san wanne za su ji ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Na yi tunanin in goge saƙon Sadiƙ daga rukuni. Kafin in gama tunanin an riga an tura shi wurare biyar."

Masu haƙa suka shigo fadama da injinsu. Alhaji Maikuɗi ya haƙa uku, wasu masu hali suka bi. Mutane suka riƙa zuwa rumfar Mato suna neman ya haɗa musu sumo, ya ce ba ya yi. Ba wanda ya yi masa gardama, sai su yi godiya su wuce rumfa ta gaba, inda wanda ya koya a wurinsa zai haɗa musu kafin la'asar. Yana zaune yana kallo ana ɗora kaya a babur ana wucewa ta gabansa.

Ran wata Laraba da hantsi Altine ta sauka daga mota a bakin rumfar. Ba ta cika zuwa Gwarzo ba sai da dalili. Ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa, suka gaisa, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da albasa guda ta ajiye a gabansa. Ba ta kai ƙwan kaza ba, ganyen ya yi rawaya daga sama.

"Kwana huɗu ke nan ko ɗigo," in ji ta. "An ƙara ramin har ya fara rufta wa mai haƙa. Albasar saura mata mako uku ta ƙosa. Na sayar da tumakina jiya, na yi magana da masu haƙa, za su zo gobe. Inji ya rage."

"Yaya, kin ji abin da na faɗa a ƙofar dagaci."

"Na ji. Ina bayan katanga tare da mata, na ji komai, kuma gaskiya ka faɗa. Akwatinka ma ni ban cire ba har ruwan ya ɗauke." Ta gyara zama. "Ban zo in ce ka yi kuskure ba, Mato. Na zo in tambaye ka, kai za ka sa min ko in je wurin yaran can? Na fi so kai ka sa, don su ban san aikinsu ba."

Ya ɗauki albasar yana juya ta a hannu. Ya yi niyyar ya ce mata ta haƙura da ta bana, shi zai riƙe ta har kaka. Amma ya san Altine, ya kuma san ba ta bana kaɗai ake magana ba. Gonar da ba ta da ruwa a wannan fadama, baɗi wani ne zai karɓe ta haya ya haƙa tasa rijiyar a ciki.

Ya ce, "Ki ce su haƙa daga yamma da tsohuwar, ƙasar ta fi ƙarfi a nan. Zan zo ran Asabar."

Ran Asabar ɗin ita ce ta zaman zaure a Gwarzo. Bai je ba. Tun da sassafe yana gonar Altine, ya ƙara faranti biyu a kan ukun da ke nan, ya ɗaura wa sumon igiya, ya zura shi a hankali, bututu bayan bututu. A hanyarsa ta shigowa ya ga gonaki da dama an bar su, attaruhu ya bushe a tsaye, ramuka a buɗe, an kwashe farantai an kai gida. Tsakaninsu kuma nan da can akwai gonaki kore shar, inda aka haƙa mai zurfi.

Wajen ƙarfe goma ruwa ya fito, da laka da farko, sannan ya washe. Altine ta kama bakin tiyo da kanta ta nufi fangalin da ya fi jin jiki, tana tafe tana hamdala ƙasa-ƙasa. Mato ya haɗa akwatin agogon ya saita awa uku. Ta gani, ta ci gaba da ban-ruwanta.

Yana tattara kayan aiki ya ji sallama. Malam Haidar ne tsaye a kan iyakar gonakin biyu, hannayensa a baya. Suka gaisa, ya yi wa Altine barka, ya ce Allah ya sa albarka. Daga inda suke ana ganin tumatirinsa, ganye ya lanƙwashe, 'ya'yan sun tsaya ƙanana. Injinsa na cikin rami yana ta jan iska.

"Tawa tana ɗan kawowa da sassafe, kamar rabin awa," in ji shi. "Nake cewa, Malam Mato, yanzu da ta Altine ta fara, tawa za ta ci gaba da kawo wannan ɗin?"

Tsakanin rijiyoyin biyu bai fi taku arba'in ba. Mato ya dubi tazarar, ya dubi dattijon.

"Ba na jin za ta kai mako, Malam."

Malam Haidar ya gyaɗa kai, kamar dama abin da ya zo ji ke nan. Altine ta ɗago daga inda take ta ce idan ta gama za ta miƙa masa tiyo ya ba nasa, kullum ma, ba sai ya tambaya ba. Ya yi mata godiya sosai. Dukansu uku sun san awa uku ba za ta ishi gona biyu ba, sun kuma san abin da za a yi wa agogon idan ba ta isa ba.

Haka aka yi, ba a daɗe ba aka cire agogon. Altine ta cire albasarta a ƙarshen wata, ba ta yi girman ta bara ba amma ta fita. Malam Haidar ya tsira da kamar rabin tumatirinsa. Sauran maƙwabtansu uku da tiyon bai kai gare su ba, ba su cire komai ba, biyu daga cikinsu suka ba da gonakinsu haya tun kafin ruwan sama ya sauka. Rijiyar unguwar bakin fadama ta ƙafe a watan Afrilu, mata suka koma ɗebowa a ta masallacin Juma'a.

Da aka yi ruwan farko, Sa'ada ta kira Mato ta ce masu binciken sun ɗaga zuwansu, amma tana so a sake zama kafin a fara shirin rani, ko a wannan karo a samu a yanke wani abu tun ba a yi shuka ba. Ya ce Allah ya kai mu, zai zo. A ranar kuma mutum biyu suka iso rumfarsa daga wani gari can bayan Kabo, sun ce a fadamarsu har yanzu da fetur ake fama, sun ji labarinsa, sun zo ya nuna musu yadda ake haɗa injin. Ya ba su wurin zama, ya ba su labarin Kara tun daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba. Suka saurara da kyau, suka jajanta. Sannan babban cikinsu ya ce su tasu fadamar ruwanta a kusa yake ƙwarai, ko da hannu ka tona sai ka same shi, ya tambaya faranti nawa ake bukata a fara.